Farashin Gyaɗa da Siyasar Neman 'Yanci: Abin da Ke Bayan Manyan Labaran 1942 zuwa 1966

Duk wanda ya bi labaran Najeriya daga tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu zuwa juyin mulkin Janairun 1966 zai tarar da labarai iri biyu suna tafe tare. Iri na farko shi ne wanda aka fi tunawa da shi har yau: sabon tsarin mulki, taron Ibadan, tarukan Landan, kafuwar NPC da NEPU, cacar baki a majalisar Legas, ranar samun mulkin kai. Iri na biyu kuwa 'yar gajeriyar sanarwa ce da ake fitarwa sau ɗaya a shekara, gab da buɗe kakar ciniki, ta farashin da za a sayi tan ɗaya na gyaɗa a Kano. Ga ma'aikacin En'e da malamin makaranta, labarin majalisa shi ne abin tattaunawa. Ga manomin Gumel ko Daura ko Ƙauran Namoda, wannan sanarwa ita ce ke yanke masa ko zai biya haraji ya yi saura, ko zai aurar da 'yarsa bana, ko kuwa zai tafi cin rani. Abin da nake so in nuna shi ne siyasar wancan zamani ba ta fahimtuwa sosai sai an ɗora ta a kan wannan sanarwa, domin tazarar da ke tsakanin kuɗin da duniya ke biya da kuɗin da ke isa hannun manomi ita ce dukiyar da Turawa suka riƙe, ita ce kuma 'yan siyasarmu suka yi kokawar gada.

Su waye ma ke kawo labarin a lokacin? Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, kuma da kuɗin hukuma ake buga ta. A 1948 aka yi mata 'yar'uwa ta Turanci, Nigerian Citizen. Jaridar Comet ta su Azikiwe ta koma Kano a 1949, ta zama wurin da masu adawa ke fitar da abin da ke cikinsu. Da Yaƙi da Jahilci ya kankama aka samu jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato, sannan Sashen Hausa na BBC ya fara magana a Maris 1957. Masu karatun boko kaɗan ne ƙwarai, amma kwafi ɗaya na jarida yakan zagaya unguwa guda, mutum ɗaya na karantawa jama'a na saurare. Sai dai wanda ke biyan kuɗin bugawa yana da ta cewa a kan abin da za a yi wa dogon sharhi. An sha bayyana wa mai karatu farashin Kano, amma farashin da ake sayar da wannan gyaɗa a Ingila ba labarin da ake kai wa ƙauye ba ne.

Tushen lamarin ya girmi zamanin da muke magana a kai. Layin dogo ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga kaya a 1912. Turawa auduga suke hange domin masaƙun Lankasha, har sun kafa injin gurzar auduga a Zariya. Manoman ƙasar Kano suka yi lissafinsu suka zaɓi gyaɗa: tana son jigawa, ana shuka ta tare da gero da dawa, harawarta abincin dabbobi ce, in kuma shekara ta ɓaci ana iya cin ta, abin da auduga ba za ta yi ba. Fatake, musamman Agalawa da sauran waɗanda suka ƙware a cinikin goro, suka juya jarinsu suka shiga ƙauyuka suna ba da tufafi da gishiri da kuɗi a kan gyaɗar da ba a tona ba tukuna. A cikinsu ne Alhassan Ɗantata ya yi fice. Kamfanonin Turawa, UAC da John Holt da CFAO da SCOA, su ke sama. Kwara, wato 'yan kasuwar Lebanon da Siriya, na tsakiya. Dillalai da 'yan baranda masu sikeli na ƙasa. Hukuma kuma ba ta buƙaci tilasta wa kowa noman gyaɗa da bulala ba, tunda ta ce haraji da tsabar kuɗi za a biya, aka kuma daidaita lokacin karɓarsa da lokacin kaka.

Yaƙi ne ya canza tsarin. A farkon 1942 Japan ta mamaye Malaya da tsibiran da yau ake kira Indonesiya da Filifin, wuraren da Turai ke samun man kwakwa da manja masu yawa. Nan take gyaɗar Arewa da kwakwar manjan Kudu suka zama kayan yaƙi. A wannan shekara aka ba wata hukuma ta Afirka ta Yamma baki ɗaya, mai zama a Landan, ikon sayen amfanin gonar da ake fitarwa. Ita ke yanka farashi, kamfanoni su saya a madadinta su karɓi la'adarsu, ita kuma ta miƙa wa Ma'aikatar Abinci ta Ingila. Aka rufe ƙofar ciniki, mai saye ya zama ɗaya tak. A shekarun nan ne kuma aka riƙa kwasar mutane aikin tilas zuwa haƙar kuza a Jos, ana tara hatsi daga larduna don ciyar da su, ga fari, har aka yi yunwar da tsofaffi ke kira 'Yar Gusau. Aka ce wa jama'a dokar yaƙi ce, ta ɗan lokaci.

Yaƙin ya ƙare a 1945, dokar ba ta ƙare ba, kuma dalilin yana Landan. Ingila ta ci yaƙi amma ta fito da bashi har wuya. Ta karɓi rancen dalar Amurka biliyan 3.75 a 1946 bisa sharaɗin za ta bari a riƙa canza fam zuwa dalar Amurka ba shamaki. Ta gwada hakan a Yulin 1947, cikin makonni kaɗan asusunta ya kusa ƙarewa, ta janye a watan Agusta. A Satumban 1949 ta karya darajar fam daga dalar Amurka 4.03 zuwa 2.80. A cikin gida kuma abinci da kati ake rabawa, kuma man girki na cikin abubuwan da aka daɗe ana awonsa, sai a 1954 aka daina. To ƙasar da ke cikin wannan hali me za ta yi da yankunan da take mulka? Tana buƙatar su ba ta abinci da mai ba tare da ta kashe kuɗin Amurka ba, tana buƙatar su sayar wa Amurka koko da roba da kuza su zuba ribar a asusun bai ɗaya na ƙasashen da ke amfani da fam, tana kuma buƙatar kada su kashe abin da suka samu wajen sayo kayan da masana'antunta ba su iya wadatarwa ba. Stafford Cripps, wanda ke riƙe da tattalin arzikin Ingila, ya faɗa wa gwamnonin Afirka ƙarara a taronsu na Nuwamban 1947 cewa makomar fam ta rataya ne a kan hanzarta cin moriyar albarkatun Afirka. Jam'iyyar Leba ce ke mulki, wadda ke gina wa talakan Ingila asibitin kyauta a daidai wannan lokaci.

Yunwar mai ce ta haifi ɗaya daga cikin manyan labaran tattalin arziki na wancan zamani, shirin noman gyaɗa na Tanganyika. Shugaban UAC, Frank Samuel, shi ya kawo shawarar a 1946, gwamnati ta runguma: a share miliyoyin eka na daji, a noma gyaɗa da injuna. Aka kai taraktoci har da tankokin yaƙi da aka sauya wa fasali, ƙasa ta ƙi, ruwa ya ƙi, aka yi watsi da shirin a farkon 1951 bayan an yi asarar fam miliyan 36 ko fiye. An yi ɗan ƙaramin irinsa a Mokwa daga 1949, shi ma bai kai 1955 ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne a daidai shekarun da ake zubar da wannan kuɗi a dajin Tanganyika, manomin Arewa da fartanya da garma ya riga ya noma gyaɗar, tana jibge a Kano ta rasa jirgin da zai kwashe ta. Layin dogo ɗaya ne, kawunan jirgi da taragwai sun tsufa a hidimar yaƙi, ba a sabunta su a kan kari ba. Dalar gyaɗa da muke alfahari da hotonta, kowacce da dubban buhuna, shaidar ƙwazon manomi ce babu shakka, amma kuma shaidar cewa hanyar fitar da kaya ta gaza. Wata gyaɗar takan shekara a tsaye har sabuwa ta iske ta, ƙwari na ci. Da kaɗan daga kuɗin Tanganyika ya tafi ga layin Kano zuwa Apapa, da Ingila ta samu man da take nema tun da wuri.

A 1947 aka kafa hukumar cinikin koko ta Najeriya, a 1949 aka kafa ta gyaɗa da ta auduga da ta manja. Hujjar da aka bayar mai kyau ce a kunne. Farashin duniya hawa yake da sauka, manomi kuma ya sha wuya a faɗuwar kasuwa ta shekarun 1930. Don haka hukuma za ta riƙe wani abu a shekarar tsada, ta cika wa manomi a shekarar araha. Za a sanar da farashi ɗaya kafin kaka, ana cire kuɗin dako gwargwadon nisan gari da tasha, ba mai sauya shi har ciniki ya ƙare. Wannan ɓangare ya yi amfani, a faɗi gaskiya: manomi ya san abin da zai samu, dillali ba zai zo masa da labarin wai kasuwa ta faɗi jiya ba, an kuma sa masu duba ingancin kaya. An tsara cewa kashi 70 cikin ɗari na rarar a ajiye shi don daidaita farashi, kashi 22.5 a yi ayyukan raya yankunan da ke noman, kashi 7.5 a yi binciken aikin gona.

Matsalar ita ce shekarun tsada suka yi ta zuwa a jere. Duniya na ƙarancin mai, aka karya fam, ga yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950 farashin kaya ya yi tashin gwauron zabo. Hukumomin suka yi ta riƙewa, lokacin mayarwa bai zo ba. Zuwa 1954 su huɗun sun tara abin da ya kusa fam miliyan 120, kuma mafi yawansa a takardun lamunin gwamnatin Ingila aka zuba shi. A taƙaice, manomin da ke cin bashin ba-da-kaka a watan Agusta don ya ciyar da iyalinsa shi ne ke ba Ingila rance mai sauƙin ruwa, bai sani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Masanin tattalin arziki Peter Bauer ya soki tsarin tun a lokacin, ya ce haraji ne aka sauya wa suna. Daga baya Gerald Helleiner ya yi lissafi, ya haɗa rarar hukuma da harajin fitar da kaya da harajin sayar da amfanin gona, ya nuna cewa zuwa 1961 an zare wa manomin gyaɗa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata ya samu, na koko kuwa kusan ɗaya cikin uku. Wannan ban da haraji da jangali, ban da abin da sikelin ɗan baranda ya ci.

Yanzu a koma ga manyan kanun labarai da wannan lissafi a zuci, za a ga sun sake kama.

A taron Ibadan na Janairun 1950, inda aka duba tsarin mulkin da ya zama na Macpherson, wakilan Arewa sun tsaya kan abu biyu: rabin kujerun majalisar tsakiya, da rabon kuɗin shiga bisa yawan jama'a. Sarkin Zazzau Ja'afaru, da goyon bayan Sarkin Katsina Usman Nagogo, ya ce in ba a ba da rabin kujerun ba Arewa za ta nemi a raba ta da sauran ƙasar kamar yadda ake kafin 1914. An fi tuna maganar kujeru, amma ta kuɗi ce ta fi daɗewa tana ci. Arewa na ganin an daɗe ana gina makarantu da hanyoyi a Kudu da kuɗin da ita ma ta zuba. Yamma kuma, mai koko, na cewa kowa ya ci abin da ƙasarsa ta fitar. Kwamiti bayan kwamiti aka yi ta kafawa a kan wannan, na Hicks da Phillipson a 1951, na Chick a 1953, na Raisman a 1958, kuma gardamar ba ta mutu ba har gobe, sai dai fetur ya maye gurbin koko da gyaɗa.

A ranar 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin mulkin kai a 1956. Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar a ce da zarar hali ya yi. Aka yi wa wakilan Arewa ihu a Legas, a watan Mayu kuma rikici ya ɓarke a Kano, hukuma ta ƙidaya mutum 36 da suka mutu. Majalisun Arewa suka fito da manufofi takwas waɗanda kusan ballewa ce, in ban da 'yan abubuwan da za a ci gaba da haɗawa kamar tsaro da kwastan. Me ya hana a ƙarasa? Dalilai suna da yawa, amma ɗaya a bayyane yake ga duk wanda ya kalli taswira: Arewa ba ta da teku. Kowane buhun gyaɗa sai ya ratsa Yamma zuwa Apapa ko Gabas zuwa Fatakwal. Shi ya sa a taron Landan na wannan shekara, da jam'iyyar Awolowo ta dage Legas ta zauna cikin Jihar Yamma, NPC ta ƙi, Sakataren Mulkin Mallaka Oliver Lyttelton ya yanke cewa Legas ta zama ta tarayya. Wanda ya riƙe tashar jiragen ruwa ya riƙe maƙogwaron Arewa, kuma shugabanninta sun san haka.

Babban sauyin ya zo a 1954, kuma ba shi da armashi a jarida kamar jawabin majalisa. Da ƙasa ta zama tarayya, aka rushe hukumomin ciniki na kaya-kaya aka mayar da su na jiha-jiha, wato Arewa da Yamma da Gabas, aka raba musu dukiyar da aka tara. Yamma ta samu kaso mafi tsoka saboda koko. Arewa ta samu hukumar da ke riƙe da gyaɗa da auduga da riɗi da waken suya. Ayarin Bankin Duniya da ya zo a 1953 ya riga ya ba da shawarar a yi amfani da rarar wajen ayyukan raya ƙasa, don haka aka daina ma riya cewa ajiya ce ta manomi. Daga wannan rana duk jam'iyyar da ta ci zaɓen jiha ta gaji baitulmalin da ya fi na haraji sauƙin taɓawa, tunda ba a bi gida-gida a karɓe shi, ba a kuma yin muhawararsa kamar kasafin kuɗi. Wannan ne ya sa manyan 'yan siyasa suka fi son zama a jiha. Sardauna ya zauna Kaduna ya tura Abubakar Tafawa Ɓalewa Legas. Ana yawan fassara wannan da sarauta ko girman kai, amma a tsarin 1954 ƙarfi da kuɗi a jiha suke.

Me aka yi da kuɗin? A nan dole mutum ya yi adalci. Yamma ta fara ilimin firamare kyauta a 1955, ta buɗe gidan talabijin a 1959. A Arewa, hukumar ciniki da hukumar raya jiha suka haɗa jari da wani kamfanin Ingila aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957. Aka kafa Bankin Arewa, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka tura ɗalibai waje, aka yi hanyoyi da rijiyoyi, aka ƙarfafa binciken iri a Samaru. Layin dogo ya miƙa har Maiduguri a 1964 da rancen Bankin Duniya na 1958. Manufar fifita 'yan Arewa ta sa aka riƙa ba 'yan kasuwarmu lasin sayen gyaɗa kai tsaye, aikin da a da na Turawa da Kwara ne kusan duka, kuma manyan gidajen kasuwanci da yawa na Kano daga nan suka yi ƙarfi. Waɗannan abubuwa ne na gaske, mu da muka zo daga baya mun ci moriyarsu, kuma ƙasar da ba ta da masana'antu ba ta da inda za ta samo jarin farko in ba a gona ba. Abin tambaya shi ne wa ya biya, wa ya amfana, kuma an tambayi mai biyan? Masaƙa a Kaduna take, jami'a a Zariya, lasin a hannun attajirin birni. Ƙauyen da ya noma gyaɗar sau da yawa bai ga ko ɗakin shan magani ba.

Kuma kuɗin da ba a lissafa shi a bainar jama'a dole ya jawo hannu. A Gabas, kotun bincike ta Foster-Sutton a 1956 ta duba yadda aka zuba kuɗin jiha a bankin African Continental mai alaƙa da iyalin Azikiwe. A Yamma, kwamitin Coker na 1962 ya bankaɗo yadda miliyoyin fam na hukumar ciniki suka bi ta wani kamfanin gine-gine da saka jari suka isa asusun jam'iyyar AG ta Awolowo. A Arewa salon ya bambanta. Sardauna da Tafawa Ɓalewa ba su bar dukiyar a-zo-a-gani ba, kuma ko abokan hamayyarsu sun shaida haka. Amma lasin da rance da kwangila sun zama igiyar da ke ɗaure attajirai da jam'iyya mai mulki. Ɗan kasuwar da aka sani da NEPU ya san abin da zai rasa.

Ita NEPU ɗin, da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ƙarfinta yana wajen masu sana'a da ƙananan 'yan kasuwa da malaman allo da manoman da ke kusa da layin dogo, wato mutanen da kuɗin gyaɗa ya ratsa rayuwarsu ya buɗe musu ido. A zaɓen 1951 ta yi rawar gani a matakan farko a Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma an ba En'e damar cusa nata mutane a matakin ƙarshe, sai ta tashi ba kujera ko ɗaya. Malam Aminu Kano da su Sa'adu Zungur da Gambo Sawaba sun fi karkata kibiyarsu ga zaluncin da talaka ke gani da idonsu: hakimi, dagaci, ɗan doka, kotun alƙali, aikin tilas, harajin da ake ninkawa. A ganina nan ne wayon tsarin hukumar ciniki yake. Mai karɓar haraji yana da fuska da suna, ana iya yi masa waƙa a dandali. Abin da aka zare daga farashi kuwa ba wanda ya zo ƙofar gida ya karɓa, don haka da wuya a tara jama'a a kansa, alhali a shekarar tsada yana iya fin harajin nauyi. A zaɓen tarayya na 1959 NPC ta samu kujeru 134, NEPU ta samu 8, kuma matan Arewa, waɗanda su ke ɓarar gyaɗar su matse mai su yi ƙuli-ƙuli, ba su da ƙuri'a a lokacin.

Inda manoma suka gane lissafin, siyasa ta girgiza. A ƙasar da ta zama Ghana, gwamnatin Kwame Nkrumah ta ƙayyade farashin koko a kan sule 72 kowane kaya na tsawon shekara huɗu a 1954, daidai lokacin da farashin duniya ya kai ƙololuwa. Cikin 'yan makonni aka kafa jam'iyyar NLM a Kumasi, ƙarƙashin Baffour Akoto, tana neman tarayya domin kuɗin kokon Asante ya zauna a Asante. An zubar da jini a kan wannan. Manomin koko yana da gona mai daɗewa, yana da ƙungiya, da yawansu sun yi boko suna karanta farashin Landan. Nkrumah ya yi nasara, ya ci gaba da ɗibar kuɗin koko yana manyan ayyuka, da farashin ya rushe a 1965 kuwa ba a daɗe ba sojoji suka kifar da shi, ranar 24 ga Fabrairun 1966, kusan makonni shida bayan namu juyin mulkin.

A tsallaken iyaka, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Tasawa da Magarya da Damagaram gyaɗar suke nomawa, amma a ƙarƙashin wani lissafi dabam. Faransa ta ƙirƙiro kuɗin sefa a Disamban 1945, kuma ta riƙa sayen gyaɗar yankunanta a farashin da ya ɗara na duniya, su kuma su sayi kayan masana'antunta da tsada. Hanya mafi kusa ga gyaɗar Nijar ita ce ta Kano zuwa Legas, abin da bai yi wa Faransa daɗi ba, shi ya sa daga 1953 ta shirya jigilar da ake kira Hirondel, motoci su kai kaya Paraku jirgi ya ƙarasa da su Kwatano. Manomin bakin iyaka shi ma yana da nasa lissafin. Duk shekarar da farashin wani ɓangare ya fi, jakuna da raƙuma su kwana suna tsallakawa. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumban 1958, Djibo Bakary da jam'iyyar Sawaba suka ce a'a ga zama ƙarƙashin inuwar Faransa. Cikin abubuwan da aka tsoratar da jama'a da su har da rasa kasuwar Faransa da tallafinta, su kuma Faransawa na fargabar Nijar mai 'yanci ta karkata ga Najeriya, inda hanyar kayanta da danginta suke. Da matsin lambar hukuma da na sarakuna aka kayar da Sawaba, aka haramta ta a 1959, Hamani Diori ya karɓi ƙasa ranar 3 ga Agusta 1960. A 1962 gwamnatinsa ta kafa SONARA ta ba ta ikon fitar da gyaɗa ita kaɗai. Ga gwamnatoci masu aƙidu dabam-dabam, ta sarakuna da attajirai a Kaduna, ta masu ra'ayin gurguzu a Akara, ta abokan Faransa a Yamai, amma ba wadda ta saki wannan igiya da ta gada.

Bayan 1960 iska ta juya. Turai ta farfaɗo, waken suyan Amurka da sauran tsirrai masu mai suka cika kasuwa, farashin gyaɗa ya daina hawa irin na da. Wannan ce shekarar arahar da aka ce ana yi wa tanadi, amma tanadin ya riga ya zama gine-gine da jari da rancen da ba ya dawowa, gwamnatin jiha kuma ta saba da kuɗin har ba ta iya kasafi sai da shi. Maimakon a cika wa manomi, sai aka riƙa rage masa. Duk da haka ya ci gaba da faɗaɗa gona, har abin da hukuma ta saya ya kai wajen tan miliyan ɗaya a kakar 1966 zuwa 1967, Najeriya na sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. A Nijar ma farashin gata na Faransa ya ƙare a ƙarshen shekarun 1960, bisa yarjejeniyar da ta shiga da Kasuwar Tarayyar Turai.

Wani ƙaramin labari da ya fito a 1956, cewa kamfanin Shell-BP ya samu man fetur a Oloibiri, shi ya ƙarasa sauya komai. An fara fitar da man a 1958, kuma bayan yaƙin basasa ya zama shi ne kuɗin shigar ƙasa. Gwamnatin da ba ta dogara da gyaɗa ba kuma ba ta da dalilin damuwa da mai noma ta. Farin 1972 zuwa 1974 ya zo, cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya ta cinye amfanin shekarar kusan duka, manoma da yawa suka koma gero da dawa da wake, ko suka riƙa sayar wa masu matsar mai na gida da ke biya fiye da hukuma. An sake wa hukumomin fasali a 1977 aka mayar da su na ƙasa baki ɗaya, sannan gwamnatin Babangida ta rushe su a 1986, shekara 44 bayan dokar da aka ce ta lokacin yaƙi ce.